Ƙofa Mai Sifana

A gidan hayar da Kubra take zaune a Karu, can bayan kasuwa, babu wanda bai san sifanar Labaran ba. Labaran mijinta ne, kuma ba makanike ba ne, ko fulogin babur bai taɓa kwancewa ba. Kayan marmari yake sayarwa: ya yi sammako zuwa Zuba ya saro lemu da kankana da abarba, ya dawo ya kasa a bakin titi. Sifanar tsintar ta ya yi a ƙarƙashin buhunan lemu, ya yi cigiya har ya gaji ba a samu mai ita ba. Irin mai daidaita bakin nan ce, wadda ake murza mata ɗan ƙarfe a wuya bakinta ya wage ko ya tsuke. Ga ta doguwa, ga nauyi, da 'yar huda a ƙarshen wutsiyarta.

To, tunda baiwar Allahn nan ta shigo gidan, ba ta taɓa haɗa ido da noti ba. Da ita ake fasa kwakwa, da ita ake farfasa kanwa, da ita ake buga ƙusa. Famfon tsakar gida da kansa ya ɓalle, ita ke buɗe shi. Ta danne ledar shanyar barkono, ta ɗaga murfin tukunya mai zafi, ta taɓa kashe kunama a bayan randa. Amma babban muƙaminta, wanda ta fi daɗewa a kai, shi ne hannun ƙofa.

Ƙofar ɗakin nasu ta ƙarfe ce, aikin masu walda, kuma waje take buɗewa. Hannunta ya karye tun Kubra na da ciki, na ciki da na waje duka. Abin da ya rage sai ɗan guntun ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke ratsa ƙofa, wanda in an murɗa shi harshen makulli ke janyewa. Labaran ya tsaya ya ƙare wa abin kallo, ya ɗauko sifana ya tsuke bakinta a kan guntun ƙarfen, ya danna ƙasa, ƙofa ta buɗe. Ya dubi matarsa yana washe baki kamar shi ya ƙera ƙofar.

"Kin ga hannu," in ji shi. "Wallahi ya fi na kanti ƙwari."

Sai dai guntun ƙarfen gajere ne, ba ya leƙowa ɓangare biyu lokaci guda. Don haka ɗakin ya samu doka: in za ka fita, ka kwance sifana, ka tura ƙarfen ya leƙo ta waje, ka ɗaura ta a can. In za ka shiga, ka maimaita. Kubra ta yi ƙorafi har bakinta ya gaji. Duk ran da ta ce, "Baban Muhibba, a nemo mai gyara mana," sai ya ce, "Wai me ya lalace? Ba ta buɗewa ne?" Mutumin kirki ne Labaran, babu ruwansa da faɗa, amma in ya ga abu yana tafiya ko da ɗingishi ne, to a wurinsa lafiya lau yake.

Ran da abin ya faru, damina ta yi tsakiya. Labaran ya kira ya ce motar kankana ba ta iso Zuba da wuri ba, zai yi yamma. Kubra kuwa awara take soyawa a ƙofar gida kullum bayan la'asar, ta riga ta tace, ta matse, ta yayyanka. Tana shirin fita da kaya sai hadari ya taso daga bayan duwatsu, baƙi ƙirin, iska na kwasar ledoji tana yin sama da su. Ta san suya a ɗaki ba daidai ba ce, amma awara in ta kwana tsami za ta yi. Ta ja ƙaramar tukunyar gas ɗinta can ƙuryar ɗaki, ta kunna, ta ɗora kasko, ta tuttula mai.

Muhibba, 'yarta ta fari, tana barci a katifa a ƙasa. Kwanan nan ta fara rarrafe, kuma yarinyar nan ba ta ganin abu mai haske ta ƙyale shi, ko waya ce, ko cokali, ko garwashi.

Ɗigon farko ya buga kwano, tas, sai Kubra ta tuna da shanya. Kayan Muhibba ne kaf a igiya, da farin kaftanin Labaran na Juma'a. Ta danna sifana, ta wangale ƙofa, ta fita da gudu. Ai ba nisa, yanzu za ta dawo, me zai sa ta tsaya kwance-kwance da ɗaure-ɗaure? Ta yayumo kayan a ƙirji, ta juyo ke nan, iska ta ɗauki ƙofar nan ta maka ta.

Garam!

Ta isa bakin ƙofa, hannunta ya kai inda sifana ke zama, ya tarar da ɗan rami. Guntun ƙarfen yana ciki, sifana tana ciki. Kubra ta zubar da kayan a taɓo ta leƙa taga. Ga Muhibba ta ɗan motsa ta koma barcinta, ta kifa ciki ta turo ɗuwawu sama. Can ƙurya kuma ga shuɗiyar wuta tana ci a ƙarƙashin kasko cike da mai.

Ihu ya zo mata har maƙogwaro, ta toshe baki da hannu. Ta kwasa sai ɗakin Monica, maƙwabciyarta, 'yar Filato, wadda kowa ke kira Maman Marvel. Allah ya taimaka mijinta Bernard, direban tasi kore da fari da ke jigila zuwa Wuse, ya dawo gida gudun ruwa, yana zaune da kwanon tuwo a gaba.

"Maman Marvel, ku taimake ni! Ƙofa ta rufe, Muhibba na ciki, mai na kan wuta!"

"Yesu!" Monica ta dafe ƙirji. "Wuta yana kunne? Bernard, tashi!"

Bernard ko hannu bai wanke ba. Ya buɗe but ɗin mota ya kwaso abin da ya samu: sifanar taya, filaya, sukundireba. Ruwa ya riga ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya cusa bakin sifanar tayar a tsagar ƙofa ya danna da ƙarfinsa. Ƙofa ta yi wata ƙara, ƙiii, ko gezau ba ta yi ba, amma Muhibba ta ɗaga kai ta sake kifawa. Kubra, wadda ko gaisuwa daga nesa take yi wa Bernard, ba ta san lokacin da ta damƙe masa hannu ba.

"Oga Bernard, don girman Allah kar ka buga. In ta farka wajen wutar nan za ta nufa. Na san 'yata."

Ya ajiye. Ya ɗauki sukundireba zai zura a ramin, ta ce masa in ya tura guntun ƙarfen ya faɗa ciki da sifanar, to shi ke nan, ba su da abin da zai kama ramin. Ya janye hannu. Monica ta ce a zura sanda ta taga a kashe gas ɗin. Ina! Ƙuryar ta yi nisa, kuma in sanda ta taɓa kasko ya kife fa? Duk suka yi cirko-cirko ruwa na dukansu. Mai walda yana can bakin titi, kafin a je a zo an gama komai.

Tsoro ya cika Kubra. Amma hannun da ya saba abu ba ya mantawa, nata hannun sai danna iska yake yi, yana neman sifanar da ba ta nan. Sai abin ya faɗo mata.

"Tana nan a maƙale ta ciki," ta ce. "Ba ta faɗi ba, da na ji ƙararta. Danna ta ƙasa kawai ake so. Akwai huda a wutsiyarta. In aka saƙala igiya a hudar, aka jawo ta ƙarƙashin ƙofa fa?"

Bernard ya dubi ƙasan ƙofar. Akwai 'yar tazara, wadda kullum Kubra ke tsine wa saboda ɓeraye. Ya dubi taga, bango ɗaya suke da ƙofar, kuma ba nisa.

"Monica, kawo hanga na waya da sandar mofa. Da wuƙa. Oya!"

Nan da nan ya buɗe maƙalan gilasan taga da filaya, ya zare gilasai ya jingine, ya farke ragar sauro da wuƙa. Ya datse igiyar shanya, ya lanƙwasa wayar hangar rataye kaya ta zama ƙugiya, ya ɗaure ta a bakin igiyar. Ya tsaga bakin sandar mofar goge ɗaki ya maƙale ƙugiyar a tsagar, yadda za ta zare in an ja. Ya zura hannu tsakanin rodin taga, hannu ya tsaya a gwiwa. Mutum ne mai jiki, Monica ba ta wasa da cikinsa.

"Ba ni," in ji Kubra.

Nata hannun ya shige har kafaɗa. Sai dai ta manna kunci a rodi ta karkata ido iya karkatawa, ba ta hango sifanar, don bango ya tare. Monica ta ruga ta ɗauko ɗan madubin da take duba kitso da shi, ta zura ta wata tazarar ta karkata shi. Ga sifana nan a madubi, a kwance, wutsiyarta na kallon taga, kamar ba ita ta jawo komai ba.

Kai, aiki da madubi masifa ne! Kubra ta yi dama, ƙugiya ta yi hagu. Ta ɗaga, ta wuce. Ta sauke, ta goge wutsiyar sifana, sifana ta yi ɗan rawa, zuciyar Kubra ta yi rawa tare da ita. Sandar sai ƙara nauyi take yi, rodi na cin hammatarta. Ƙamshin man kuma ya sauya, ya koma ƙauri, wani farin hayaƙi siriri ya fara tashi daga kasko yana taruwa a silin. Tana ta maimaita Hasbunallahu a ƙarƙashin numfashi, Monica na nata addu'ar a gefen kunnenta.

Sai aradu ta fashe.

Muhibba ta zabura ta tsala kuka. Ta tashi zaune, ta waiga babu uwa. Ta waiga ɗaya ɓangaren, ta ga shuɗin haske yana rawa a ƙurya. Kukan ya tsaya cak. Ta kifa hannuwa a ƙasa, ta sauko daga katifa.

"Muhibba!" Kubra ta kira. Ta gyara murya, ta mayar da ita ta wasa, Allah kaɗai ya san daga inda ta samo ta. "Muhibbatu 'yar Baba! Ga Mama nan. Zo, zo, zo ki karɓa!"

Yarinya ta tsaya, ta dubi taga, ta dubi wuta. Monica ta fizge makullan mota daga ƙugun Bernard ta zura ɗaya hannun tana kaɗa su, kacau-kacau-kacau. "Bebi, ga shi! Zo ka ɗauka, zo!" Muhibba ta sake duban wutar, sannan ta juya ɗuwawu, ta taho tana rarrafe tana tari, har ta zo gindin taga ta zauna tana miƙa hannu.

"Riƙe madubin da kyau, Maman Marvel."

Wannan karon Kubra ta daina gardama da madubi. Ta bi a hankali, ta kai bakin ƙugiya kan wutsiya, ta goga, ta goga, sai ta ji ƙyas, waya ta faɗa huda. Ta ja sandar baya, ƙugiya ta zare ta zauna, igiya ta zubo ƙasa ta cikin ɗaki. Kafin kowa ya yi hamdala, Muhibba ta miƙa hannu ta cafke igiyar ta kai baki.

"Sakar mata makullan! Sakar mata!"

Monica ta saki. Makullai suka faɗi a gabanta, yarinya ta yar da igiya ta rarume su. Shi kuwa Bernard ya riga ya buɗe gaban mota ya zaro ƙarfen duba baƙin mai, dogon nan siriri mai lanƙwasuwa, ya murɗe bakinsa da filaya. Ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan da ke malala, kunci a ƙasa, ya zura shi ta ƙarƙashin ƙofa yana lalube. Monica na ba shi hanya ta madubi: "Gaba kaɗan. A'a, baya. Bernard, baya na ce!" Can sai ga bakin igiya ya leƙo waje, jiƙe da yawun Muhibba.

Ƙofar ba ta da abin kamawa ta waje. Kubra ta zura ƙafar filaya a kunnen da ake saƙala kwaɗo, ta riƙe da hannu biyu. Bernard ya naɗe igiya a yatsu ya fara ja, sannu-sannu, don in ya fizga sifana za ta suɓuce. Igiya ta miƙe. Aka ji ƙarfe yana kukan tsatsa ta ciki. Sai ƙwas.

Kubra ta ja, ƙofa ta taho.

Ba ta ga hayaƙi ba, ba ta ga kasko ba. Ta sunkuya ta suri 'yarta ta yi waje da ita. Bernard ya faɗa ciki ya murɗe gas, amma wuta ta riga ta fara lasar bakin kaskon. Ya waiga ya rarumo bokitin ruwa.

"Bernard! Ruwa a mai? Kana so ka ƙone mu duka?" Monica ta ture shi, ta ɗauki babban farantin awara ta juye awarar a tabarma, ta kifa shi a kan kasko. Wuta ta mutu.

Kubra kuwa a tsakar gida ta zube, cikin ruwa, ta sunkuya a kan yarinyar tana tare mata ruwan da bayanta. Ta duba fuska, ta duba hannuwa, ta bubbuɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga riga ta duba ciki. Babu ko ƙwarzane. Muhibba sai tsotsar makullin mota take yi, tana harararta don an dame ta. Kubra ta ce Alhamdulillahi, ta sake cewa, ta sake, har kalmar ta narke ta zama kuka. Wani irin sauƙi ya sauko mata, ta ji jikinta ya yi sakayau kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya.

Monica ce ta ɗaga ta ta kai ta ɗakinta. Ta ba ta busasshen zane, ta goge Muhibba da tawul, ta sa mata wata tsohuwar rigar Marvel da ta sauko mata har ƙafa. Ta dafa shayi ta zuba sukari kamar ba gobe. Kubra ta karɓi kofi. Sai a lokacin ta ga hammatarta ta saɓule, ga kuma shatin rodi a kunci, jan tsatsa tun daga kunne har haɓa. Ko zafi ba ta ji. Ta ajiye kofin ta fuskanci gabas ta kai goshi ƙasa, a nan kan ledar ɗakin Monica, Monica kuwa ta ja kujera gefe ta ba ta wuri.

Can sai ga Bernard ya shigo. Wayyo, Oga Bernard! Rabin fuskarsa taɓo, rabi miyar kuka da ya shafa garin share ruwa, singileti ta manne a tumbi, yana riƙe da ƙarfen duba mai da ya koma kamar ƙugiyar mahauta. Ya tsaya yana juya shi, fuska a murtuke.

"Yanzu da me zan duba mai?"

Monica ce ta fara fashewa. Kubra ta so ta daure saboda kunya, ta rufe baki da gefen zane, amma ina, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har cikinta ya ƙulle, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na ɗazu ne suka dawo ba. Bernard ya miƙa hannu zai karɓi makullansa, Muhibba ta ƙanƙame ta buɗe baki za ta tsala ihu.

"To, to, riƙe," ya ce. "Motar ma naki ne, Hajiya. Gobe ke za ki je Wuse."

"Oga Bernard," in ji Kubra, da ta samu numfashi, "ban san da bakin da zan gode muku ba. Allah ya raya Marvel, ya tsare muku shi kamar yadda kuka tsare mini tawa."

"Amin, Maman Muhibba. Bar godiya. Ke ce kin yi aikin, ni kwanciya kawai na yi a ruwa."

Da ruwa ya tsagaita, Bernard ya je ya wangale ƙofar ya tokare ta da jak ɗin mota, ya cusa guntun katako a ramin da harshen makulli ke faɗawa, don ko iska ta sake maka ta ba za ta kama ba. Hayaƙi ya fita a hankali. Monica ta tsince awarar da ta zube, ta ɗauraye, ta ce wallahi bayan wannan wahala ba za a yi asararta ba. Ta soya a barandarta da nata man. Suka zauna su uku suna ci da yaji, da zafinta, suna hura yatsu. Kubra ta ci awarar nan kamar ba ita ke yin ta kullum ba, ta rantse ba ta taɓa jin mai daɗinta ba. Muhibba na cinyarta, kuma ko da za ta miƙa hannu ɗaukar yaji, ɗaya hannun yana zagaye da cikin yarinyar.

Aka maimaita labarin ya fi a ƙirga. Kowa ya faɗi nasa: yadda Monica ta ce baya Bernard ya yi gaba, yadda Bernard ya ɗauko bokiti. Duk maimaitawa sai abin ya ƙara zama abin dariya, tsoron na raguwa.

"Amma bari Baban Muhibba ya dawo," in ji Monica tana kaɗa yatsa. "Yau zai ji bakina."

"A'a, Maman Marvel, ki rufa mini asiri. Ni na shigar da wuta ɗaki, ni na fita ban bi doka ba. Ki bari ya huta ya ci abinci, ni zan faɗa masa a hankali. Mutumin nan tun asuba yake tsaye."

Monica ta yi ƙwafa, amma ta yarda.

Rana na shirin faɗuwa, gari ya yi wasai, sai ga Labaran ya yi sallama. Ya jiƙe sharkaf, ya naɗe ƙafar wando, ya rungumo wata kankana da ta tsage a hanya, yana ta fara'arsa. Ya miƙa wa Monica kankanar ya ce a yanka wa kowa. Ya fara ba da labarin cunkoson da suka sha a hanya, da direban da ya ƙi tsayawa a ɗaure tamfol. Kubra ta ce sannu da zuwa, muryarta lafiya lau. Ta juya masa kuncin da babu shati.

"Ina 'yar Baba? Iye, wa ya ba ki rigar maza?"

Muhibba ta miƙa hannuwa tana dariya. Ya goge tafinsa a riga ya ɗauke ta, ya cilla sama ya cafe, ya manna hancinsa a tsakar kanta kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya sake shinshinawa. An sauya mata riga, an goge mata jiki, amma gashin nan nata mai laushi ya riƙe abin da ya sha.

"Kubra, me ya sa kanta ke ƙaurin hayaƙi?"

Ya ɗaga ido ya dubi ɗakinsa. Ya ga gilasan taga jingine a bango, raga a farke, jak a gindin ƙofa. Ya matsa ya leƙa, ya ga baƙin tabo a bangon ƙurya, ya ga katifa, ya ga ɗan filin da ke tsakaninsu.

Kubra ta faɗa masa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, nata laifin ma ta sa a gaba. Monica da ta ce zai ji bakinta, tana ganin fuskarsa sai ta koma yankan kankanarta. Labaran mai surutu, wanda ko a jana'iza sai ya samu abin faɗa, ya nemi bakin baranda ya zauna a jiƙaƙƙen siminti. Ya kwantar da yarinyar a ƙirjinsa, ya dafa bayanta da tafin hannu, yana jin yadda numfashinta ke ɗaga hannun yana saukewa.

"Lafiyarta ƙalau, Baban Muhibba," Kubra ta ce a hankali. "Na duba ko'ina. Allah ya tsare."

Ya gyaɗa kai. Muhibba ta fara ƙananan kuka tana cusa fuska a rigarsa, tana neman abin da ba shi da shi. Kubra ta matso ta miƙa hannuwa.

"Kawo ta, yunwa take ji."

Ya ɗago ido jajir ya dube ta, ya ƙara matse yarinyar.

"Bar mini ita tukuna," ya ce.